Daga mitar wuta zuwa duniyar Mars: Yadda ake gina manhajar da ke tafiyar da ƙananan na'urori

A watannin ƙarshe na shekarar 2024, kamfanonin rarraba wutar lantarki a Najeriya, ciki har da AEDC mai kula da Abuja da jihohin Neja da Kogi da Nasarawa, sun yi ta shelar cewa duk mai amfani da mitar kati ya karɓi wasu lambobi guda biyu, kowace mai alƙaluma 20, ya shigar da su a mitarsa kafin ranar 24 ga Nuwamba. Mutane da dama sun ɗauka wata sabuwar dabara ce ta ƙara kuɗin wuta. Alhali tushen lamarin ya girmi sayar da kamfanonin ga 'yan kasuwa da shekara 20.

Mitocin kati suna aiki ne bisa wani tsari mai suna STS, wanda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990. Kowace lambar wuta da mutum ya saya tana ɗauke da shaidar lokacin da aka fitar da ita, wato adadin mintunan da suka shuɗe tun daga ranar 1 ga Janairun 1993. Da wannan shaida mita ke gane lambar da aka riga aka yi amfani da ita. Gurbin da aka ware wa ƙidayar mintunan bit 24 ne kacal, kuma iyakar abin da zai iya ɗauka shi ne minti 16,777,216, wato shekara 32 ba kaɗan. Ranar 24 ga Nuwamban 2024 ce ranar da kwanon ya cika. Abin da ya hana a fasa miliyoyin mitoci a ƙasashe da dama shi ne, waɗanda suka tsara STS sun bar wata ƙofa: ana iya sauya wa mita mabuɗinta da mafarin ƙidayarta ta hanyar lambobin da mai gida zai danna da yatsansa, ba tare da an taɓa sauran abin da ke cikinta ba. An mayar da mafarin ƙidayar zuwa 2014, abin da ke nufin maganar za ta sake tasowa a 2045.

A cikin kowace irin wannan mita akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa ta lantarki da ba ta wuce girman farce ba, wadda injiniyoyi ke kira maikurokwantirola. Irinta ce a cikin injin wanki, da inbata ta sola, da na'urar auna sukari, da fitilar ba da hannu a mahaɗar titi, da makullin mota. Motar zamani kaɗai tana ɗauke da gommai daga cikinsu. Yadda aka tsara manhajar da ke cikin waɗannan ƙwaƙwale, musamman yadda aka rarraba ta sashe-sashe, shi ke yanke hukuncin ko na'urar da ma'aikata ta saya da kuɗin gwamnati za ta gyaru bayan shekara biyar, ko kuwa za ta koma cikin tarkacen da ke jibge a sito.

Ɗaki ɗaya, kaya da yawa

Maikurokwantirola cikakkiyar kwamfuta ce a kan ɓarɓashi guda: akwai sashen lissafi, da ma'ajiyar dindindin da ake kira filash inda manhaja ke zama, da ma'ajiyar aiki da ake kira RAM, da ƙafafuwan da ke haɗa ta da maɓallai da fitilu da injina. Kamfanin Texas Instruments ya fara sayar da samfurin TMS1000 a 1974, Intel kuma ya fito da 8051 a 1980, kuma har yau ana ƙera jikokinta. Abin da ya bambanta su da kwamfutar ofis shi ne ƙuncin wuri. Ƙwaƙwalwar ATmega328P da ke kan allon Arduino Uno, wanda ɗaliban injiniya ke koyon aiki da shi, tana da filash kilobayit 32 da RAM kilobayit 2. Hoto guda da aka ɗauka da wayar hannu ya ninka wannan RAM ɗin sau ɗaruruwa. Wata da ta fi ta ƙarfi, STM32F103C8, tana da filash kilobayit 64 da RAM kilobayit 20. A irin wannan ɗaki, Windows ko Android ba su da wurin sa ƙafa.

Na'urori masu sauƙi da yawa ba su da manhajar gudanarwa ko kaɗan. Mai rubuta manhaja yakan jera ayyuka ne a zagaye guda marar ƙarewa: duba maɓalli, karanta ma'auni, rubuta a allo, koma farko. Wannan yana wadatarwa muddin ayyukan kaɗan ne. Matsala tana farawa ne ranar da aka ce na'urar ta riƙa aika bayanai ta rediyo, ta karɓi sabuntawa ta intanet, ta ɓoye saƙonninta, kuma duk da haka ta katse wuta nan take idan ta ji wani abu ya yi gardama. Aikin da ya ɗauki lokaci zai tsare wa na bayansa hanya, kuma duk wanda ya taɓa layi ɗaya sai ya sake auna zagayen gaba ɗaya.

A nan manhajar gudanarwa mai kiyaye wa'adi ke shigowa. Cibiyarta ƙarama ce, kuma babban aikinta rabon lokaci. Kowane aiki ana ba shi matsayi da ɗan filinsa a RAM. Idan aiki mai babban matsayi ya taso, cibiyar ta dakatar da wanda ke gudana, ta adana inda ya tsaya, ta ba babban wuri, daga baya ta dawo da ƙaramin ya ci gaba kamar ba a taɓa shi ba. Abin da ake nema a wurinta shi ne tabbaci fiye da gudu. Jakar iska ta mota da ta buɗe bayan rabin sakan daidai take da wadda ba ta buɗe ba.

Wace shawara ce za ta iya sauyawa?

Maganar rarraba manhaja sashe-sashe ta daɗe, amma wanda ya ba ta ma'auni shi ne David Parnas, a wata maƙala da ya wallafa a 1972 lokacin yana Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka. Kafin shi, al'adar ita ce a yanka manhaja bisa jerin matakan aiki: na farko, na biyu, na uku. Parnas ya ce a fara da lissafa shawarwarin da ake jin za su iya sauyawa nan gaba, sannan a ɓoye kowace ɗaya a cikin sashenta, ta yadda sauran sassa ba su san komai game da ita ba sai ƙofar da aka amince za a riƙa bi. Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatar da ke da tsari ya san wannan. Sashen kuɗi ba ya buƙatar sanin a wane kabad rajistara ke ajiye fayil. Ya dai san takardar da zai cike, da abin da zai samu. Idan rajistara ta sauya kabad, babu wanda aikinsa zai tsaya.

A duniyar ƙananan na'urori, shawarar da ta fi saurin sauyawa ita ce ƙwaƙwalwar kanta. An ga haka ƙarara a tsakanin 2020 da 2022, lokacin da ƙarancin ɓarɓasan lantarki ya tsayar da masana'antun motoci a ƙasashe da dama. Kamfanin da ya cuɗa lissafin aikinsa da bayanan ƙwaƙwalwa guda sai dai ya zauna jiran ranar da za ta samu. Wanda ya keɓe waɗannan bayanai a wani siririn sashe na ƙasa, wanda ke yin tafinta tsakanin manhaja da ƙarfe, yana iya sayen wata ƙwaƙwalwar ya sake rubuta tafintan kawai. Kamfanin Tesla ya bayyana a 2021 cewa ya bi ta wannan hanya, inda ya sake rubuta manhaja domin ta yi aiki da ƙwaƙwalen da ake iya samu a kasuwa.

FreeRTOS, wadda Richard Barry ya fara fitarwa a 2003, ita ce misali mafi sauƙin fahimta. Zuciyarta fayiloli uku ne: ɗaya na ayyuka, ɗaya na layukan saƙo, ɗaya na jeri. Duk abin da ya shafi wata ƙwaƙwalwa ta musamman an tura shi wani babban fayil na daban, shi ya sa take gudana a kan nau'o'in ƙwaƙwalwa fiye da 40. Hatta yadda ake raba RAM ba a ɗaure shi ba: akwai hanyoyi biyar, injiniya ya ɗauki guda. Ta farkon tana ba da wuri amma ba ta taɓa karɓarsa, abin da ke kama da rowa, sai dai masu ƙera na'urorin da rai ya dogara da su suna son ta, domin ba ta da abin mamaki. Sannan akwai fayil ɗin zaɓi, inda ake rubuta 1 ko 0 a gaban kowace hidima. Wadda aka ba sifili ba za ta shiga na'urar ba ko da bayit ɗaya. Amazon ya karɓi ragamar FreeRTOS a 2017 ya sake ta ƙarƙashin lasisin MIT, kuma ita ce ƙashin bayan manhajar da kamfanin Espressif na Shanghai ke bayarwa tare da ƙwaƙwalwarsa ta ESP32, wadda ta cika kasuwar soket da kwan fitila masu haɗuwa da waya.

Zephyr, wadda Gidauniyar Linux ta ƙaddamar a watan Fabrairun 2016, ta faɗaɗa wannan tunani. Ta aro kayan aiki biyu daga Linux. Na farko, Kconfig, jerin tambayoyi ne masu sanin dangantakar junansu: idan aka zaɓi Bluetooth, zai jawo duk sassan da Bluetooth ke buƙata, ya kuma ƙi haɗa abubuwan da ba sa zama tare. Na biyu takarda ce ta bayanin allo, mai cewa ma'aunin zafi yana kan ƙafa kaza, allon rubutu yana kan layi kaza. Idan aka sauya allo, takardar ake sauyawa, manhajar aiki ta zauna yadda take. Farashin wannan sassauci shi ne wahalar koyo, kuma duk wanda ya fara Zephyr yakan ɓata kwanaki yana neman zaɓin da ya manta bai kunna ba.

Japan ta bi wata hanyar tun kafin waɗannan. A 1984, Ken Sakamura na Jami'ar Tokyo ya ƙaddamar da shirin TRON, kuma abin da ya fitar ƙa'ida ce ta yadda cibiyar manhaja za ta amsa kira, kowane kamfani ya gina tasa bisa ita. Reshen shirin mai suna ITRON ya shiga kyamarori da injinan motoci da wayoyin hannu na Japan, kuma wani jikansa ne ya zama tushen ƙa'idar IEEE 2050 a 2018. Abin da aka daidaita a nan ƙofa ce, ɗakin kuma aka bar wa mai shi.

Idan yanka ya yi yawa

Masu sayar da fasaha sukan yi maganar tsarin sashe-sashe kamar alheri ne zalla. Tarihin TinyOS ya nuna akwai iyaka. An ƙirƙire ta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley wajen shekarar 2000, domin wasu ƙananan na'urorin auna yanayi masu batir, waɗanda RAM ɗinsu bai wuce kilobayit 4 ba. A 2002 an dasa wasu daga cikinsu a tsibirin Great Duck da ke gaɓar jihar Maine, har a cikin ramukan da wasu tsuntsayen teku ke ƙwai, domin masana su san halin da ramukan ke ciki ba tare da sun zura hannu sun firgita tsuntsayen ba.

A TinyOS komai sashe ne, kuma kowane sashe yana bayyana abin da yake bayarwa da abin da yake buƙata. Mai gini yana haɗa su kamar mai haɗa wayoyin lantarki. An ƙirƙiro mata yare na musamman, nesC, wanda ke duba haɗin gaba ɗaya kafin a zuba shi a na'ura, ya zubar da abin da ba a amfani da shi, ya kuma yi gargaɗi idan ayyuka biyu na iya karo a kan bayani ɗaya. Ta fuskar tsimin batir da RAM, aikin ya yi kyau ƙwarai. Amma a 2012, Philip Levis, ɗaya daga cikin jagororinta, ya rubuta bitar shekara goma na aikin, inda ya nuna cewa sabon yaren da kuma yanka manhaja ƙanana-ƙanana sun sauƙaƙa wa ƙwararru aiki mai wuya, sun kuma wahalar da sabon shiga a kan aiki mai sauƙi. Mai son fahimtar yadda saƙo ɗaya ke fita ta rediyo sai ya bi ta fayiloli barkatai, kowanne da 'yan layuka kaɗan. Masu amfani da ita suka yi ta raguwa.

Kishiyarta a wancan zamani ita ce Contiki, wadda Adam Dunkels ya rubuta a wata cibiyar binciken kwamfuta ta Suwidin a farkon shekarun 2000, da yaren C da kowa ya sani. Ya raɗa mata sunan ne daga Kon-Tiki, kwale-kwalen gungumen da Thor Heyerdahl ya ƙetare tekun Pasifik da shi a 1947. Contiki ta zo da abin da TinyOS ba ta da shi a farko: ana iya aika wa na'ura sabon sashe guda ta rediyo ta ɗora shi tana cikin aiki, maimakon a aika manhajar dukkanta. Ga na'urar da ke rataye a kan bishiya da batir biyu, wannan babban abu ne, domin aika bayani ta rediyo ya fi lissafi cin batir nesa ba kusa ba. RIOT, wadda jami'o'i biyu na Jamus da cibiyar INRIA ta Faransa suka fito da ita a 2013, ta yi ƙoƙarin tsayawa a tsakiya: ƙaramar cibiya, sassa na zaɓi, da yaren C na yau da kullum.

Makulli a hannun masinja

Ko an yanka sassa da kyau, suna haɗuwa a kan lokaci da ma'ajiya, kuma a nan ne ɓarnar da ta fi wuyar ganowa ke ɓuya. Labarin da ake koya wa kowane ɗalibin wannan fanni ya faru ne a duniyar Mars. Kumbon Pathfinder na hukumar NASA ya sauka can ranar 4 ga Yulin 1997. Bayan 'yan kwanaki, kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana sake tashi, kuma kowane karo ana asarar lokacin tattara bayanai. Kwamfutar ta fi maikurokwantirola girma, amma manhajar gudanarwarta, VxWorks ta kamfanin Wind River, 'yar gida ɗaya ce da waɗanda ake magana a kansu.

Abin da ya faru ana iya kwatanta shi da ofis. A ce akwai ɗakin fayil mai makulli ɗaya. Masinja ya karɓi makullin domin ya ajiye wata takarda. Kafin ya gama, Babban Sakatare ya buƙaci shiga ɗakin, aka ce makulli na hannun masinja, ya zauna jira. A daidai lokacin daraktoci suka tare hanya da nasu ayyukan, kuma tunda sun fi masinja matsayi, dole ya tsaya gefe har su gama. Babu wanda ya karya doka, amma a zahiri daraktoci sun tsare Babban Sakatare. A Pathfinder, masinjan shi ne aikin tattara bayanan yanayi, Babban Sakataren shi ne aikin rarraba bayanai a kan babban layin kumbon, daraktocin kuma wasu ayyuka ne masu matsakaicin matsayi. Akwai kuma wani mai gadi da aka sa ya riƙa duba ko babban aikin ya kammala a kan lokaci. Duk sanda ya ga bai kammala ba, sai ya ɗauka wani mugun abu ya faru, ya sake tayar da kwamfutar.

Injiniyoyin cibiyar JPL da ke Kalifoniya, ƙarƙashin Glenn Reeves, sun kunna tagwayen kumbon da ke ɗakin gwajinsu suna naɗar duk motsin manhajar, har matsalar ta bayyana a gabansu. Maganin ya riga ya kasance a cikin VxWorks: wani zaɓi da ke cewa duk ƙaramin aikin da ke riƙe da makullin da babba ke jira, a ara masa matsayin babban har ya mayar da makullin. Wato masinja ya ratsa daraktoci da sunan Babban Sakatare. Masana uku, Sha da Rajkumar da Lehoczky, sun wallafa bayanin wannan dabara tun 1990. Zaɓin ne ba a kunna ba a kan wannan makulli. Aka aika gyaran daga Ƙasa zuwa Mars, matsalar ta kau. Abu biyu suka ceci aikin: halayyar makullin zaɓi ce da ake iya sauyawa ba tare da rushe ginin ba, sannan injiniyoyin sun bar kayan bincike da ƙofar gyara a cikin manhajar da ta tashi, ba su cire su don tsimin wuri ba.

Ɗaya matsalar ita ce katanga. A kwamfutar ofis, kowace manhaja tana zaune a keɓantaccen fili, kuma idan ta yi yunƙurin rubutu a filin wata, a take ake kashe ta. A yawancin ƙananan na'urori, rabuwar sassa tana ƙarewa ne a kan takarda. Da zarar an haɗa su an zuba a filash, duk suna tsakar gida ɗaya, kuma kuskure a sashen da ke karanta saƙon rediyo na iya goge bayanan sashen da ke riƙe da mabuɗin sirri. Ƙwaƙwale da yawa na zuriyar Cortex-M ta kamfanin Arm suna da wani sashen ƙarfe da ke iya kafa katangu, galibi guda 8 ko 16, kuma FreeRTOS da Zephyr duk suna iya amfani da shi. Sau da yawa masu ƙera kaya ba sa kunna shi, saboda yana cin RAM da lokacin injiniya. Wata manhaja mai suna Tock ta ɗauki katangar a matsayin tushen gini: an rubuta cibiyarta da yaren Rust, wanda ke hana nau'o'in kuskuren ma'ajiya da yawa tun a wurin rubutu, manhajojin aiki kuma kowace an killace ta da katangar ƙarfe.

Sashen aro da aibinsa

Babbar ribar tsarin sashe-sashe ita ce a ɗauki abin da wani ya gina a yi amfani da shi. Ta nan kuma babbar asararsa ke shigowa. A watan Yulin 2019, kamfanin tsaro na Armis ya bayyana raunuka 11 a sashen sadarwar intanet na VxWorks, aka yi musu laƙabi da URGENT/11. Sashen, mai suna IPnet, asalinsa na wani kamfani ne, Interpeak, wanda Wind River ya saya a 2006. Kafin sayen, Interpeak ya riga ya sayar da sashen ga masu amfani da wasu manhajojin gudanarwa. A watan Oktoban wannan shekara, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci da masu ƙera kayan jinya cewa raunin ya wuce VxWorks. A Yunin 2020 aka sake ganin irin haka da Ripple20, raunuka 19 a sashen sadarwa na wani ƙaramin kamfani mai suna Treck, wanda ya yi shekaru yana ratsawa daga mai kaya zuwa mai kaya har ya shiga firintoci da famfunan ƙarin ruwa na asibiti. A Disambar shekarar, kamfanin Forescout ya bayyana wasu 33 a sassan sadarwa huɗu na kyauta, ciki har da uIP da Dunkels ya rubuta.

Abin da ya fi tayar da hankali a waɗannan lokuta shi ne, kamfanoni da yawa sun kasa amsa tambaya mai sauƙi: shin wannan sashe yana cikin kayanmu? Sun sayi allo daga wani, shi kuma ya sayi manhaja daga wani. Wannan na cikin dalilan da suka sa umarnin shugaban Amurka mai lamba 14028, na watan Mayun 2021, ya shigo da maganar jerin kayan haɗin manhaja cikin sharuɗɗan sayen kayan gwamnati, wato takardar da ke lissafa kowane sashe da sigarsa da asalinsa, kamar yadda ake rubuta sinadarai a jikin kwalin magani. Dokar Tarayyar Turai kan juriyar kayan dijital, wadda ta fara aiki a Disambar 2024, za ta wajabta wa masu ƙera kaya irin wannan lissafi da kuma samar da gyaran tsaro, kuma manyan tanade-tanadenta za su hau kan kowa daga Disambar 2027.

Sanin rauni bai wadatar ba idan babu hanyar kai gyara. Shi ya sa a tsarin zamani ake ware wani ɗan sashe da ke fara tashi kafin komai, aikinsa kawai ya duba sa hannun sirri da ke kan sabuwar manhaja kafin ya ba ta wuri. MCUboot, wanda ake yawan haɗawa da Zephyr, yana iya raba filash gida biyu: sabuwa ta sauka a ɗaya, tsohuwa na nan a ɗayan. Idan sabuwar ta tashi ta kasa tabbatar da lafiyarta, ya mayar da tsohuwar. A ƙasar da wuta ke iya ɗaukewa ana tsakiyar sabuntawa, wannan tanadi ya cancanci kuɗin ƙarin filash ɗin da yake ci.

Ga jami'in da ke rubuta takardar neman 'yan kwangila a ƙarƙashin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, ko hadimin da ke shirya wa maigidansa bayani kafin zaman kwamiti, waɗannan batutuwa suna komawa ne ga tambayoyin da kowa zai iya yi ba sai injiniya ba. Wace manhajar gudanarwa ce a cikin na'urar, kuma wace siga? Mai kawo kaya zai ba da jerin sassan da ke ciki? Ta wace hanya ake sabunta ta, wa ke riƙe da mabuɗin sa hannu, kuma har zuwa wace shekara aka yi alkawarin gyara? Takardun kwangila sukan cika shafuka da bayanin ƙarfin batir da kaurin kwali da watannin garanti, su yi shiru a kan waɗannan. Ɗan kwangilar da ya kasa amsa su, mai yiwuwa shi ma bai tambayi wanda ya sayar masa ba.

Girman sunan kamfani ma ba ya zama lamuni. Microsoft ya sayi ThreadX a 2019, ya sauya mata suna zuwa Azure RTOS, sannan a ƙarshen 2023 ya sanar da miƙa ta ga Gidauniyar Eclipse, inda take ci gaba a matsayin manhajar kyauta. Arm kuwa, wanda zanensa ke cikin ɗimbin ƙwaƙwalen da ake magana a kansu, ya sanar a watan Yulin 2024 cewa zai rufe dandalinsa na Mbed a Yulin 2026, tare da janye hannu daga manhajar Mbed OS. Kamfanonin da suka gina kayansu a kanta suna da zaɓi uku: su ci gaba da kula da ita da kansu, su dogara da reshen da 'yan sa-kai suka ɓalle da shi, ko su yi ƙaura zuwa Zephyr ko FreeRTOS. Tsawon lokacin da ƙaurar za ta ɗauka ya danganta ne da yawan wuraren da manhajar aikinsu ke kiran Mbed kai tsaye, maimakon ta bi ta siririn sashe guda da za a iya cirewa a sa wani.